Amsa ga mai Yamaha 40 da fuloginsa na ƙasa ke yin farin ɓawo

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayarka: ka ce injin jirgin ruwanka Yamaha Enduro 40 ne, fulogin sama launinsa ruwan ƙasa ne lafiya lau, na ƙasa kuwa farin ɓawo ne kamar kanwa da ɗan ja-ja a jikin zaren, ka sa sabo har sau biyu abin ya dawo. To ka daina ɓarnar kuɗi a kan fulogi, ba shi ne mai laifi ba.

Na daɗe ina jan jirgi tsakanin Yauri da Rofiya, kuma abin da na fara koya shi ne a kwance fulogi biyun tare, a jera su a tafin hannu. Irin wannan inji kafireta ɗaya ke ciyar da silinda biyu, fetur ɗaya, baƙin mai ɗaya. Da matsalar daga mai take, da dukansu sun yi kama. Masu cewa baƙin man mota ka zuba ba su yi ƙarya ba gaba ɗaya, domin man mota yana barin toka idan ya ƙone, shi ya sa ake son baƙin man injin jirgin ruwa mai alamar TC-W3, rabin lita a lita 25 na fetur, wato 50:1. Amma tokarsa biyun take kamawa, kuma farce ma yana kankare ta.

Naka guda ɗaya ne, na ƙasa, ga tsatsa. Ni ruwa nake zargi. Ruwan da ke sanyaya inji yana samun hanya ya shiga silinda idan gasket ɗin kan silinda, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan da jikin inji, ya ƙone, ko na murfin salansa da ke gefe, ko sil ɗin ƙasa na karanshaf, robar da ke hana ruwa da iska shiga, ya saki. Da farko tururin wanke fulogin yake yi fes, har ka ɗauka sabo ne ka yi murna. Daga baya laka da ƙasar da ke cikin ruwan su bushe a kansa su zama ɓawon da kake gani. A lokacin farin ruwa, daga ƙarshen damina, kogin nan laka ce zalla, abin ya fi saurin nunawa.

Ga yadda za ka tabbatar. Ka sa sabbin fulogi masu lambar da littafin injin ya faɗa, a nawa NGK B7HS ne. Ka fita kusa da gaɓa, ba fasinja, ka ba shi wuta sosai kamar minti biyar, sannan ka kashe kai tsaye ba tare da ka bar shi a silo ba, wato yana aiki a hankali ba a ba shi wuta, don silo ɓata shaidar yake yi. Ka kwance na ƙasa da zafinsa. In ka ga ɗigon ruwa ko wani abu kamar madara, magana ta ƙare. Ka haska tocila ta ramin: kan fistan na sama zai yi baƙi-baƙi, na ƙasa kuma zai yi ƙal kamar an wanke kwano. In bakanikenka yana da agogon gwada kwamfureshan, a gwada biyun, bai kamata su yi nisa da juna ba.

Abu ɗaya nake roƙonka ka duba da kyau a cikin rana: ko akwai ƙananan ɗigo masu ƙyalli kamar an yayyafa garin azurfa. Wannan alminiyam ne, fistan ke narkewa, ko dai iska na shiga ta sil har fetur ya yi ƙaranci a silinda, ko zafi ya yi yawa. Ni na taɓa raina shi. Na sayi fetur a jarka wurin wani ɗan bumburutu, ashe da kananzir a ciki, inji na ta ƙwanƙwasa ina cewa gobe zan duba. Ranar kasuwa, da buhunan shinkafa da mata da yara, fistan ya huje a tsakiyar ruwa. Da filafili muka kai gaɓa, kuma har yau ba na son tuna fuskokin mutanen nan.

In an buɗe kai, kada a manna sabon gasket a rufe kawai. A ɗora kan a bisa gilashi a ga ko ya lanƙwashe, a nemo abin da ya sa ya yi zafi tun farko. Sau da yawa impela ce, robar da ke tura ruwan sanyaya inji, yashi ya cinye mata fukafukai, sai ka ga fitsarin injin, wato ruwan da yake fesowa waje, ya rage ƙarfi. Kuma in an ce a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, a jefar, ka ƙi. Injin zai riƙa aiki da sanyi, fulogi biyun su koma baƙi da maiƙo, ka sake dawo mana da wata tambayar.

Kafin a gyara, kada ya kwana da ruwa a ciki, boris ɗin karanshaf ba sa jure tsatsa. Ka cire fulogi, ka ɗiga baƙin mai ta ramin, ka ja igiya sau da yawa. Ka turo mana hoton biyun a jere, na sama a hagu.