Karen da ke tumbuɗi da kaskon gidanmu

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, sai yau na samu natsuwar amsawa. Ka ce karenka ya shiga wata na biyu yana dawo da abinci, har haƙarƙarinsa sun fito. Likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙirjinsa, ya ce bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki ne ya buɗe ya saki, don haka a riƙa ciyar da shi a tsaye. Mutanen gida kuma suna cewa a zuriyar mafarauta ba a taɓa yi wa kare haka ba, kasko ne a ƙasa, in ya yi amai a ɗura masa manja. Kana tambaya ko ka saɓa wa al'ada.

Ba ka saɓa ba. Kakanka ba ya kai loma baki ranar farauta sai karnukansa sun sha ruwa, kuma da idona na ga ya saɓo wanda gursunu ya yaga a kafaɗa tun daga daji har gida. Wannan ita ce al'adar. Kasko kuwa shi ne abin da muke da shi, ba farilla ba ne.

Amma maganar ɗura ita ta hana ni barci, domin mun taɓa yi. Ina saurayi muna da wani jan kare mai irin wannan ciwo. Muka ce guba ya ci, muka danne shi, muka ɗaga bakinsa muka ɗura masa manja da madara. Kwana uku ya yi yana tari, hancinsa na zubar da majina, ya mutu a gindin rumbu. Sai bayan shekaru, da na fara aiki a asibitin dabbobi, na ga an buɗe gawar wani kare irinsa. Bututun da ya kamata ya zama siriri ya koma kamar zabira, cike da ruɓaɓɓen abinci, huhun kuma duk ya lalace. Ranar na gane mu ne muka ƙarasa namu.

Ka tsaya ka kalli naka da kyau. Kare mai amai sai ya yi ta kakari, cikinsa na shiga yana fita, abin da ya fito kuma ya soma narkewa. Naka ba amai yake ba, tumbuɗi ne irin na jariri. Ya sunkuyar da kai kawai abinci ya zubo yadda ya shiga, wani lokaci a mulmule da yauƙi, don bai taɓa isa ciki ba. A lafiyayyen kare bututun nan matsawa yake yana tura loma ƙasa. In ya saki, sai abinci ya taru a ƙirji, kuma duk sanda ya dawo yana iya ƙware shi ya faɗa huhu. Ciwon huhun nan shi ya fi kashe su, ba yunwa ba.

Dalilan sakin bututun nan da yawa. Wani kwikwiyon da shi ake haihuwarsa, sai an yaye shi ya bayyana, kuma ya fi yawa a manyan karnukan waje irin na 'yan sanda. Wani kuma jijiyar jini ce kusa da zuciya ta shaƙe bututun tun yana cikin uwarsa, wannan aikin tiyata ne. A babban kare irin naka, kusan ɗaya cikin huɗu cutar raunin tsoka ce da likitoci ke kira mayasteniya, tana da gwajin jini da magani. Gubar dalma ta tsohon batir da maganin feshi ma suna jawo shi, haka ƙashin da ya maƙale. Ka roƙi likitan ya duba wata jar tsutsa da ke yin ƙulli a jikin bututun. Kare na samunta in ya ci buzuzu, ko ƙadangare ko kayan cikin kazar da ta ci buzuzun, kuma karnukanmu masu yawo a juji ba su rabuwa da waɗannan. Tana jin allura in an kama ta da wuri. In abin ya fi ƙarfin inda kake, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Ciyarwa a tsaye kuwa ba sangarta ba ce, nauyin abincin ne ake so ya kai shi ciki tunda bututun ya daina turawa. A Amurka suna da wata kujera da suke kira Bailey, kafintan unguwa zai haɗa maka irinta da katako huɗu, ko ka zaunar da shi cikin babban bokiti ka tokare shi da tsumma, ƙirji sama. Kaɗan-kaɗan, sau 4 ko 5 a yini, ya zauna haka minti 20 zuwa 30 bayan ya gama. Gwada masa ƙananan curi na tuwo da niƙaƙƙen nama, in bai zauna ba ka dama kamar kunu, kowane kare da wanda ke karɓarsa. Ruwa ma a tsaye. Ƙashi da ƙanzo ka hana yara jefa masa.

Masu cewa za ka ɓata tsarkinka, ka je ka tambayi malaminku. A karatunmu na Malikiyya duk mai rai mai tsarki ne har da yawunsa, ƙwaryar da ya sa baki ce ake wankewa sau 7. Kare na farauta da na kiwo da na gona an yarda da su, kuma ka san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare. Sai dai ka tabbata allurarsa ta ciwon hauka ba ta wuce lokaci ba, kuma duk karen da ka ga yana dalalar da yawu ya kasa haɗiya, kada ka sa hannu a bakinsa neman ƙashi.

Ba na ɓoye maka, wasu haka za a yi ta lallaɓa su har ƙarshen kwanansu. Ranar da ka ji ya fara tari, ko numfashinsa na sama-sama, ko jikinsa ya yi zafi, kada ka bari ya kwana, ka kai shi. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata ni na ce a ajiye kwalbar manjan nan.