Tambayi Mu'allim: "Zan cire V6 in ɗora HEMI a Challenger ɗina"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Mu'allim, Allah ya ƙara basira. Ni a Hindawiyya nake nan Jidda, inada Dodge Challenger 2018 SXT mai silinda shida, 'yar Amurka ce na siye ta a Haraj, kasuwar motocin hannu. Wlh motar bata taɓa bani ciwon kai ba amma duk randa muka fita Kurnish da abokai masu Scat Pack (irin motar tawa amma mai silinda takwas) sai inji kamar ni rakiya nazo, ko kukan motar ma ba ɗaya ba. To wani mai tashlih (wajen kwance matattun motoci) a Buraiman yace min yanada makina, wato injin HEMI 6.4 mai silinda takwas, ta wata mota da tayi hatsari, wani bakanike kuma a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, yace sati ɗaya ya ishe shi ya ɗora min tunda ai bodi ɗaya ne. Dan Allah abin zai yiwu? In zai yiwu kuma ba gara in ƙara haƙuri in tara kuɗi insa ta Hellcat gaba ɗaya ba?
Daga wani ƙaninka a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Zai yiwu, anyi kuma ana yi. Amma in shawarata kake nema to ka sa SXT ɗin nan a kasuwa tun tana da lafiyarta da takardunta, ka cika kuɗi ka sayi R/T ko Scat Pack da kamfani ya haɗa da hannunsa. Bari kaji dalili.

Bakaniken naka yayi gaskiya a abu ɗaya, bodin ɗaya ne, gurbin injin zai ɗauki HEMI ba sai an yanka ƙarfe ba. Daga nan kuma gaskiyar tasa ta ƙare. Injin da ke motarka Pentastar ne 3.6, ƙarfin doki 305. Shi 6.4 ɗin doki 485 ne, Hellcat kuma 6.2 mai sufacaja ya fito a 2015 da doki 707. Amma abin da ke karya kaya a mota ba dokin bane, ƙarfin murɗawa ne, naka Nm 363 yake bayarwa, 6.4 yana bada 644, Hellcat 881. Duk wani ƙarfe da ke bayan injinka tun daga giya har taya an auna shi ne akan 363 ɗin nan. Giyarka mai takwas ce ta Scat Pack ma mai takwas ce, daga waje sai ka rantse uwa ɗaya uba ɗaya, amma ta V8 ita ce 8HP70, ta Hellcat 8HP90, taka ƙaramarsu ce kuma ko bakinta ma bazai hau HEMI ba. Kenan ka sayi giya. Giya ta canza farfela ta canza, difaranshal na baya da aksul ma haka, sai lagireto da fanka, famfon mai na cikin tanki, salansa tun daga bakin inji har wutsiya, ƙafafun inji, bututun AC. HEMI kuma tukunyarsa ƙarfe ce, ta Pentastar alminiyam, wato gaban motar zai ƙara nauyi, sai sifirin da shokazoba su ma su ce a duba su. Birki fa? Scat Pack da Brembo take zuwa. Mutum ya sa doki 485 akan birkin SXT ya hau titin Haramain da daddare, wannan ni bazan sa hannuna a ciki ba ko nawa za'a biya ni.

Duk wannan da na lissafa ƙarfe ne, mai kuɗi da sifana zai iya. Inda ake yin kuka shine wajen wuta. Motar 1970 waya nawa ce a jikin injinta? Ka bata mai ka bata wuta ta tashi. Ita taka kwamfutoci ne cike da ita suna hira da juna ta layin da ake cewa CAN, akwai ta inji, ta giya, ta bodi, ta ABS, ta makulli, ga agogon gaban direba, kuma an rubuta musu lambar shasin motar da irin kayan da aka haɗa ta dasu. Ka kawo kwamfutar injin wata mota ka jona, ta makulli tace bata san wannan baƙon ba, ka danna maɓalli dashbod ya kawo wuta tar kamar ranar biki amma inji ko tari bazai yi ba. Ko kuma ya tashi giya ta maƙale a lamba ɗaya, fitilar ABS a kunne, AC ya ƙi kamawa, a Jidda kuma mota babu AC ai ka san ba mota bace. Daɗin daɗawa tun daga 2015 kwamfutar injin Dodge a kulle take zuwa sai an buɗe ta kafin a taɓa lissafinta, daga 2018 kuma, shekarar motarka kenan, suka ƙara wani akwatin tsaro tsakanin soket ɗin da ake jona na'urar bincike da sauran motar. Ka koma ka tambayi mai sati ɗayan nan wa zai masa furogiramin, da wace na'ura, kuma mota nawa irin wannan ya gama tana yawo a gari da zaka iya gani da idonka ka kunna AC ɗinta. In ya fara sosa ƙeya ka ɗauki makullinka.

Shi yasa masu yin aikin da gaske basa sayen inji shi kaɗai, motar hatsarin suke saye sukutum, wadda aka daka daga baya ko gefe, su ajiye ta kusa da taka suna kwashe komai har wayarin da makullai da agogo. To ka lissafa kuɗin waccan da kuɗin aiki da watannin da motarka zata yi a warsha kana hawa taksi, ka kwatanta da abin da zaka cika a sayi Scat Pack. Mafi yawan lokaci kwalliya bata biyan kuɗin sabulu. Ranar sayarwa kuma lambar shasi zata ci gaba da cewa SXT ce, mai saye a Haraj da yaji "an canza makina" rabin farashi zai fara taya maka, ko da aikin yafi na kamfani kyau.

Sai maganar hukuma, wadda samari basa son ji. Yin gyaran da ya sauya asalin mota ba tare da izinin Muror ('yan sandan hanya) ba mukalafa ce, wato saɓa doka, kuma motar nan dole wata rana ta shiga fahas, wato gwajin lafiyar mota, kafin a sabunta istimara, takardar rajistarta. Kafin ka kwance noti ɗaya kaje ka tambayi abin da suke buƙata, ka riƙe rasiɗin injin mai lambarsa da sunan tashlih ɗin. Kamfanin ta'amin, wato inshora, ma V6 ya sani, in Allah ya kawo tsautsayi aka buɗe bonet aka ga wani abu daban ka basu ƙofar da zasu zille. Mu da muke zaune da iƙama, takardar zaman baƙi, bamu da rarar rigimar takarda, ka fi ni sani.

Hellcat kuwa ka cire ta a ranka. Mopar, sashen kayan gyara na kamfanin da ke ƙera Dodge, da kansu sun fitar da injin a akwati a 2017, suna ce masa Hellcrate, kusan dala dubu 20 inji kawai, wajen riyal dubu 73 kenan kafin jirgi da harajin kashi 15, kuma kayan wayarin da suke sayarwa tare dashi sun rubuta na motocin da aka ƙera kafin 1976 ne. Su da suka ƙera shi ma basu nufe shi da irin motarka ba.

In duk da haka zuciya taƙi, tunda na san halin ƙuruciya, to ga abin da zaka duba a injin Buraiman ɗin. HEMI yanada wani ciwo da aka san shi dashi, lifta ta kan ƙwame ta cinye kamshaf, zaka ji tik tik tik da baya ɗaukewa ko inji yayi zafi. A ƙasa ba zaka ji wannan ba, don haka kace a yanka filtar baƙin mai a gabanka, ka buɗe takardar cikin a rana, in kaga tana ƙyalli da garin ƙarfe ka musu sallama. Ka zare soket biyu uku ka leƙa, kore kore a bakin fil alamar motar ta sha ruwa ne, kuma motocin ambaliya daga Amurka suna shigowa yankin nan a matsayin kayan gyara. Garantin da zasu baka a rubuta shi, ya fara daga ranar da inji ya tashi, don kwanakin da suke bayarwa zasu ƙare motar tana kan jak.

TAMBAYA: Mu'allim barka da aiki. Charger Scat Pack gareni a Makka, littafin motar yace a sa mata fetur mai lamba 91, nima 91 nake sha, amma in na hau Hada zuwa Ɗa'if da rana sai inji ta mutu murus bata ja. Ko injin ne ya fara gajiya?
Daga Shari'a Mansur.

AMSA: Injinka lafiyarsa ƙalau Alhaji, man ne. Ma'aunin Amurka daban namu daban, 91 ɗin da littafin ke nufi shine 95 ɗinmu na jan famfo, koren 91 namu a wajensu kamar 87 ne. Ga zafi ga hawa ga AC, man yana fara kamawa kafin lokacinsa, kwamfuta taji ƙwanƙwasa sai ta ja wuta baya don ta ceci fistin, shine mutuwar da kake ji. Tun 2021 aka tsaida lita akan riyal 2.18 da 2.33, tankinka lita 70 ne, bambancin bai wuce riyal 10 da rabi ba in ka cika shi daga ƙasa. Ka koma ja, ka bata tanki biyu ta saba, ka sa a wanke fuskar lagireto da kwandensa don ƙura na toshe su. In bayan haka bata dawo ba sai a jona na'ura a gani.

TAMBAYA: Ɗana ya dame ni sai na bashi kuɗi ya sa wa Mustang ɗinsa babban inji wai zai shiga tsere. Ni tsoro nake ji.
Wata uwa, Madina.

AMSA: Hajiya tsoronki a kan hanya yake. Ki tambaye shi a ina za'ayi tseren. In fili ne mai izini irin na Dirab kusa da Riyad ko na Sakhir a Bahrain, can akwai hular kwano da motar asibiti, kuma da motar tasa yadda take ma zai iya fara koyo, kuɗin ya tafi wajen taya da birki. In kuma tafhiɗ ne, wato wasan ganganci da mota na kan titi, kamun farko tarar riyal dubu 20 ce da tsare mota kwana 15, na biyu dubu 40, na uku dubu 60. Kar ki bada ko halala ɗaya, kwabon Saudiyya, sai ya nuna miki takardar rajistar filin.