Ina kwana karatu, amma a ɗakin jarrabawa sai kaina ya kulle

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a jami'a. Idan jarrabawa ta matso nakan kwana ina karatu har asuba, ina shan Nescafé ina taunar goro don kada barci ya sace ni. Amma da na zauna gaban takarda sai komai ya gudu. Ƙanena kuwa da ke hadda, yakan biya karatunsa bayan isha'i ya kwanta, da asuba ya kawo shi tsaf. Kaina ne ba ya ja?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kanki lafiyarsa ƙalau. Abin da ƙanenki ya fi ki shi ne barcin da yake samu tsakanin karatu da biyawa, don a cikin barcin nan ne ƙwaƙwalwa take ƙarasa aikin da aka fara da ido biyu.

Tun a 1924 wasu masana biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka sa ɗalibai biyu haddar gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana. Duk sanda ɗaliban suka kwanta bayan haddar, sun fi riƙe ta fiye da sanda suka ci gaba da harkokinsu na tsawon sa'o'i iri ɗaya. Dalilin ne aka daɗe ana nema.

Can cikin ƙwaƙwalwa, ta saitin kunnuwa, akwai wani ɗan sashe da ake kira hifokamfos. Duk sabon abin da kika koya nan yake fara sauka, kamar allo: a rubuta, a biya har ya zauna a ka, sannan a wanke a sake rubutu. An gane muhimmancinsa ne a kan wani Ba'amurke, Henry Molaison, wanda aka cire wa yawancin wannan sashe a 1953 don maganin farfaɗiya. Yarintarsa tana nan a kansa, amma wanda ya gaisa da shi ɗazu, in ya fita ya dawo, baƙo ne. Ke nan tsohon sani yana da wata ma'ajiya daban, wato ɓawon ƙwaƙwalwa, kuma sai an kwashe sabon a kai can kafin ya daɗe.

Ɓeraye ne suka nuna mana yadda ake kwasar. A 1994 Wilson da McNaughton na Jami'ar Arizona suka dasa siraran wayoyi a hifokamfos ɗin ɓera, suna bin motsin ƙwayoyin jijiya yana yawon neman abinci. Kowace ƙwaya da wurin da take tashi: wannan a kusurwa, waccan a bakin kwano. Da ɓeran ya yi barci mai nauyi, sai ƙwayoyin da suka yi aiki tare da rana suka sake tashi tare. Daga baya aka ga har jerin ma suna bi, cikin sauri ninkin-ba-ninkin na zahiri. Ɓera yana kwance shame-shame, ƙwaƙwalwarsa tana tilawar hanya.

A mutane, gwajin da ya fi burge ni shi ne na birnin Lubek a Jamus a 2007. Mutane sun haddace wuraren da aka jera katuna suna shaƙar ƙamshin furen wardi. Da dare, suna cikin barci mai nauyi, aka sake busa musu ƙamshin. Da safe sun fi tuna wuraren katunan, alhali ba su ma san an yi ba. Da aka busa shi a lokacin barcin mafarki kuwa, bai ƙara komai ba.

Wannan bambanci ya shafe ki kai tsaye. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90. Mai nauyin ya fi yawa a farkon dare, kuma shi ne gwanin adana irin karatunki na sunaye da bayanai. Barcin mafarki, wanda Aserinsky da Kleitman suka gano a Shikago a 1953, yana ƙaruwa ne wajen asuba. Mai kwana zaune ya rasa duka biyun, ga kuma asara ta biyu: a 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa sun nuna cewa hifokamfos ɗin wanda bai runtsa ba aikinsa raguwa yake yi wajen karɓar sabon abu. Shafukan da kike bi da ƙarfe uku na dare, ido ne kawai yake wucewa a kansu.

Goro da Nescafé ba sa biyan wannan bashi. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke kawo jin barci. Kafeyin, wato sinadarin da ke cikin goro da kofi, toshe wurin da adenosin yake kamawa kawai yake yi, gajiyar tana nan. Kuma sai bayan kimanin sa'o'i 5 rabin kafeyin ɗin yake barin jini, shi ya sa kofin bayan magariba yake rage nauyin barcin ko da kin samu kin kwanta.

Ko a dawa ma babu dabba mai shayarwa da aka sani ta tsallake barci. Giwayen da aka bi a Botswana sa'o'i 2 kacal suke yi a rana. Dolfin kuwa, wata dabbar teku mai shayarwa, da yake dole ya riƙa ɗagowa saman ruwa ya shaƙi iska, rabin ƙwaƙwalwarsa ke barci, rabi na gadi, sai su yi musanye.

Shawarata, ki raba karatun a kan kwanaki. Ki yi mai wuyar da daddare, ki rufe littafin ki gwada faɗo shi da ka, ki kwanta ki samu aƙalla sa'o'i 7, sannan ki sake bi bayan sallar asuba. Ƙailula ma tana taimakawa, in ba ta kai ki la'asar ba. Ki tsayar da goro da kofi tun azahar. Idan kuma kina cika sa'o'in amma kina tashi da ciwon kai da gajiya, ko abokan ɗaki suna cewa kina minshari har numfashinki yana ɗaukewa, to ki je asibiti a duba ki, don wannan na iya zama alamar wata cuta da take yanka barci mai nauyi gunduwa-gunduwa, kuma tana da magani.