Tambaya da Amsa: Ziyarar Jiragen Ƙasa Masu Tururi da 'Yan Sa Kai Ke Riƙe da Su a Birtaniya

Wata ɗaliba da ke karatu a Birmingham ta rubuto: Assalamu alaikum. Na ji an ce har yanzu akwai jiragen ƙasa irin na da, masu cin kwal, kuma wai waɗanda ke tuƙa su ba albashi ake ba su ba. Gaskiya ne? In haka ne, ina zan je, kuma me ya kamata in shirya?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gaskiya ne. Hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallami jiragen tururi daga manyan layukanta a watan Agustan 1968, amma tun kafin nan wasu mutane sun fara karɓar ƙananan layukan da aka yi watsi da su suna raya su da hannunsu. Na farko a duniya shi ne layin Talyllyn da ke yankin Wales, wanda wata ƙungiya ta karɓa a 1951. An shimfiɗa shi ne a 1865 don sauko da dutsen rufin ɗaki daga wurin haƙarsa zuwa garin Tywyn a bakin teku, kuma kawunan jirginsa biyu na asali, na 1864 da na 1866, suna nan a hannun ƙungiyar. Layin Bluebell a kudancin Ingila ya biyo baya a 1960.

Daga inda kike, mafi sauƙi shi ne layin Severn Valley. Ki hau jirgin zamani zuwa Kidderminster. Tashar tsohon layin tana daf da wadda za ki sauka, taku kaɗan ne. Daga nan zuwa Bridgnorth mil 16 ne, wajen kilomita 26, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, domin doka ba ta barin irin waɗannan layuka su wuce gudun mil 25 a awa. Ki sauka a tashar Highley ki shiga zauren da ake ajiye kawunan jirgin da ke jiran gyara, inda za ki matsa kusa da su ki duba a tsanake.

Kafin ki fita ki duba jadawalin ranar a shafinsu na intanet. Ba kullum suke aiki ba, musamman a tsakiyar hunturu, kuma jadawalin yana nuna wane jirgi ne na tururi, wane ne na dizal. Mutane da yawa kan yi doguwar tafiya su tarar da na dizal don ba su duba wannan ba. Kada ki sa farin mayafi ko fararen kaya, burbushin kwal yana shigowa ta taga. In za ki leƙa, ki sa tabarau, kuma in wani abu ya faɗa miki a ido kada ki murza, ki wanke da ruwa. Ki tafi da guzurinki da dardumar salla, don abincin ƙananan tashoshi yakan haɗa da naman alade. Shawararmu mafi girma ita ce ki yi sammako ki kama jirgin farko, ki tsaya a bakin dandamali ki ga yadda ake haɗa kan jirgi da taragu. Abin kallon yana wurin aikin fiye da cikin kujera.

Wani makanike daga Kaduna ya tambaya: Malamai, ni injin mota na sani. Shi wannan ta yaya ake tayar da shi da safe? Akwai makulli ne?

Babu makulli, Malam, ashana ce. Kuma aikin yakan fara ne tun jiya.

Kan jirgin tururi tukunya ce doguwa cike da ruwa. A bayanta akwai akwatin wuta, daga akwatin kuma bututu masu yawa sun ratsa cikin ruwan zuwa gaba, inda hayaƙi ke fita. Zafin da ke bi ta bututun shi ke tafasa ruwan, tururin ya taru a sama, direba ya buɗe masa hanya zuwa silinda ya tura fistin, fistin ya juya ƙafafu ta hanyar sandunan ƙarfe. A manyan kawuna matsin tururin yakan kai 200 zuwa 250 a irin ma'aunin da mai faci ke gwada iskar taya, inda tayar ƙaramar mota ke tsayawa a 30 da ɗoriya. A matsin 200, zafin ruwan da ke ciki ya kusa digiri 200. Wannan ne ya sa ba a wasa da tsarin.

Abu na farko, kafin a kawo ko tsinken itace, shi ne duba ruwa. Akwai gilashin awo a gaban direba da ke nuna tsayin ruwa a tukunya, kuma ba a yarda da abin da ido ya gani kawai: ana buɗe famfon ƙasan gilashin a rufe, a ga ruwan ya sauka ya dawo, don a tabbatar hanyar ba ta toshe ba. Sannan mutum ya haska fitila cikin akwatin wuta ya duba ko akwai ɗigo a bakin bututu ko a jikin ƙusoshin da ke riƙe bangon akwatin. A tabbatar an ja birkin hannu, an rufe hanyar tururi, giya tana tsakiya.

Sai a hura 'yar ƙaramar wuta ta ɗumama, da tsumma mai kananzir da itace da kwal kaɗan, a bar ta ta kwana. Dalilin haka shi ne a jiragen Birtaniya akwatin wuta na ciki yawanci na jan ƙarfe ne, jikin tukunya kuwa baƙin ƙarfe, kuma kowanne da irin yadda yake buɗewa in ya ji zafi. In aka gaggauta, ƙusoshin nan su tsage, bakin bututu ya fara yoyo, a jawo gyaran makonni saboda an so a rage awa biyu. Da asuba a shimfiɗa kwal a faɗin akwatin a ƙara wuta a hankali. Babban kan jirgi yakan ɗauki awa uku zuwa huɗu bayan ɗumamar jiya. Ƙanana irin na Talyllyn sun fi sauri.

A wannan tsakanin direba yana zagayawa da gwangwanin mai. Kowace mahaɗar sanduna tana da ɗan kofin mai da zaren ulu a ciki, wanda ke tsotso man yana ɗiga shi kan ƙarfe. In aka manta kofi ɗaya, ko ruwa ya shiga ya kore man, wurin zai yi zafi a hanya har farin ƙarfen da ke ciki ya narke. Silinda kuma nata man daban ne, mai kauri, wanda ke jure zafin tururi.

In matsi ya hau, sai gwaji. Akwai na'urori biyu da ke cusa ruwa cikin tukunya da ƙarfin tururinta. Dole a gwada kowacce, don jirgi ba ya fita da guda ɗaya. A bar matsin ya kai iyakarsa a ga bawul ɗin tsaro ya buɗe da kansa a daidai jan layin da ke kan agogo. A gwada birki. Sai an gama duk wannan ake fita daga rumfa.

Za ka lura in jirgi zai tashi, farin tururi yana feso wa ta ƙasan gaba da ƙara. Ba lalacewa ba ce. Tururin da ya shiga silinda mai sanyi yana komawa ruwa, ruwa kuma ba ya matsuwa, kamar yadda ka sani a injin da ya sha ruwa. In ba a buɗe ƙananan famfunan ƙasa an fitar da shi ba, fistin zai iya fasa murfin silinda.

Wani magidanci daga Landan ya ce: Na kai yarana, jirgin ya makara, hayaƙi baƙi ƙirin, a wani hawa kuma ƙafafun suka yi ta juyawa a wuri ɗaya. Shin lafiyar abin ƙalau kuwa?

Alhaji, abin da ka gani abubuwa ne daban-daban, kuma ba kowanne ne abin tsoro ba. Baƙin hayaƙi alama ce cewa an zuba kwal fiye da iskar da ke shiga, wato kuɗi ne ke fita ta bututu bai ƙone ba. Ƙa'idar mai zuba kwal ita ce kaɗan-kaɗan a kai a kai: shebur biyar ko shida a wuraren da wuta ta yi siriri, ya jira hayaƙin ya washe, ya sake. Amma ba kullum laifinsa ba ne. Mahaƙar Ffos-y-fran a kudancin Wales, wadda layuka da yawa suka dogara da kwal ɗinta mai ƙarancin hayaƙi, ta rufe a ƙarshen 2023, yanzu ana shigo da kwal daga waje, wani yana hayaƙi, wani tokarsa tana narkewa ta daskare a kan ƙarafan ƙasan wuta ta toshe iska. In haka ta faru matsi ya faɗi, dole a tsaya a fasa ta da dogon ƙarfe. Makara da yawa daga nan take.

Sulɓin ƙafa kuwa daga damshi ne, ko ganyen bishiya da aka niƙe a kan dogo a lokacin kaka. Direba zai rufe tururi nan take, ya saki yashi ta bututun da ke gaban ƙafafu, ya sake buɗewa a hankali.

Haɗarin gaske shi ne ruwa ya yi ƙasa har rufin akwatin wuta ya fito fili. Saboda shi ake dasa wasu ƙusoshi masu darma a tsakiya a rufin. In ruwa ya bar su, darmar ta narke, tururi ya feso cikin wuta ya gargaɗi ma'aikata su kashe ta. Kuma a layi mai hanya ɗaya, direba ba ya shiga wani yanki sai an miƙa masa alamar wannan yanki a hannu, sanda ko faifan ƙarfe, wadda guda ɗaya tak ake iya fitarwa a lokaci guda. Ka nuna wa yaran lokacin da ake musayarta a tasha. Abin da ya rage gare ka shi ne ka riƙe hannunsu a dandamali, ka toshe wa ƙaramin kunne kusa da kan jirgi domin bawul ɗin tsaro yana buɗewa ba sallama, kada kuma a buɗe ƙofar tarago sai jirgi ya tsaya cik. A lokacin fari ana iya sa na dizal ya ja, don tartsatsi yana kunna ciyawar gefen layi.

Wani ɗan tsohon ma'aikacin reluwe daga Zariya ya tambaya: Ɗan sa kai yana zuwa ne kawai a ba shi jirgi? Kuma me zai hana a yi irin wannan a ƙasarmu?

Ba a ba shi, Malam. Yana farawa ne da tsumma, yana goge jirgi da kwashe toka. Bayan ya ci jarrabawar dokokin layi da gwajin lafiya ya zama mai zuba kwal, kuma zama direba yakan ɗauki shekaru masu yawa. Hukumar gwamnati mai sa ido kan jiragen ƙasa na zamani ita ce ke sa ido a kan waɗannan layuka na 'yan sa kai. Manya daga cikinsu kuma suna da wasu ma'aikata masu albashi, musamman a wurin gyara.

Tambayarka ta biyu tana da tushe. Layin da ya tashi daga garinku zuwa Jos don jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957, faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne, daidai da layin Welshpool zuwa Llanfair a Wales. Wannan layi na Wales ya sayo kan jirgi mai lamba 85 da wasu taragu daga Saliyo a 1975, bayan an rufe layin dogon ƙasar. Ke nan jirgin Afirka ta Yamma yana iya rayuwa in ya sami masu riƙo.

Abin da ke da wuya shi ne tukunya. A Birtaniya duk shekara goma dole a fitar da ita, a zare bututunta, a auna kaurin ƙarfenta, a cika ta da ruwa a matse fiye da matsin aikinta a gaban mai bincike kafin a sake hura mata wuta, ban da binciken kowace shekara da wankin ciki duk bayan 'yan makonni na aiki. Kan jirgin da ya shekara arba'in a rana da ruwan sama zai buƙaci duk wannan daga farko. A ganinmu matakin da ya dace a fara da shi ba tayar da jirgi ba ne. A samu izinin hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya a rubuce, a sa wa tsofaffin kawunan jirgin da suka rage rumfa, a rufe bakin bututun hayaƙi don ruwan sama ya daina shiga, a tsare kayan tagulla daga masu jari bola, a kuma zauna da tsofaffin direbobi da masu gyaran tukunya da suka rage a Zariya da Kafanchan da Minna a naɗi bayaninsu tun suna da rai.