Taswirar ƙabilu da harsunan Daular Usmaniyya a ƙarni na 16

Malam, ka tambaya ko akwai taswirar da za a dogara da ita, mai nuna inda kowace ƙabila da harshenta suke a Daular Usmaniyya ta Turkiyya a ƙarni na 16. Taswirori suna nan birjik, sai dai ka san tushensu kafin ka ɗora bincikenka a kansu.

Hukumar Istanbul ba ta ƙidayar harshe ko ƙabila, haraji ne a gabanta. A kundin da suke kira tahrir, ma'aikaci zai shiga ƙauye ya rubuta sunan kowane baligi namiji da na mahaifinsa, mai aure ne ko tuzuru, Musulmi ne ko wanin Musulmi, da abin da ƙauyen ke nomawa. Mata da yara da bayi da yawancin ma'aikatan sarki ba sa ciki. Masana, tun daga Ömer Lütfi Barkan, masanin tarihi ɗan Turkiyya, sukan ninka yawan magidanta sau 5 don ƙiyasta jama'a. Ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba. Kuma Masar da wasu lardunan Larabawa ba su da irin wannan kundin, domin ba a raba ƙasarsu ga mahaya dawaki a tsarin timar ba.

A dunƙule, Turkanci ne ya rinjayi Anatoliya (ɓangaren Turkiyya ta yau da ke Asiya), Kurdawa da Armeniyawa na gabashinta, Girkanci na tsibirai da gaɓar tekun Ejiyan, harsunan Silaf (irin su Bulgariyanci da Sabiyanci) da Albaniyanci na Balkan, wato kudu maso gabashin Turai. Larabci ya shigo da nauyinsa bayan Sultan Salim na Ɗaya ya ci Sham da Masar a 1516 da 1517.

Inda ake zamewa shi ne a ɗauki addini a matsayin harshe, a shafa wa duk Musulmi launin Turkawa. Musulmin Bosniya harshen Silaf suke yi, har suna rubuta shi da haruffan Larabci kamar ajaminmu. Sokollu Mehmed Pasha, babban waziri daga 1565 zuwa 1579, ɗan can ne. A tsakiyar Anatoliya kuwa akwai Karamanli, Kiristocin Orthodox da Turkanci ne harshensu na gida, amma da haruffan Girkanci suke rubutu. Sunan Rum da ake kiran mabiya cocin Orthodox ya kan haɗa Bagirke da Babulgare da Balarabe Kirista. Wannan ruɗani bai tsaya a takarda ba: a musayar jama'a ta 1923 tsakanin Turkiyya da Girka addini aka bi, aka kwashi Karamanli zuwa Girka, Musulmin tsibirin Kirit masu jin Girkanci aka kai su Turkiyya.

Birni ma daban yake da karkararsa. Bayan korar Yahudawa daga Sifen a 1492, suka cika birnin Salonika (a Girka ta yau) har suka fi kowa yawa, suna magana da Ladino, wato Sifaniyancin Yahudawa, alhali ƙauyukan kewaye na Girkanci ne da Silaf da Turkanci. Launi ɗaya a taswira ba zai ɗauki wannan ba. Ga kuma tilasta ƙaura da sarakuna ke yi don cika gari, da makiyayan Yörük masu jin Turkanci da suka bazu a Balkan.

Shawarata, ka ɗauki yanki ɗaya, kada ka rungumi daular gaba ɗaya. Nemi kundi biyu na wurin da ke da tazarar shekaru, ka kwatanta sunaye. Wanda aka rubuta da suna irin Mehmed ɗan Abdullah galibi sabon musulunta ne, domin Abdullah akan sa wa waɗanda suka musulunta a matsayin sunan uba, don haka harshen gidansa ba lallai Turkanci ba ne. Ka haɗa da sunayen ƙauyuka da sijillin kotun alƙali, inda wani lokaci akan ambaci tafinta. Idan ka wuce ƙarshen ƙarni na 16 tahrir ya yi ƙaranci, sai ka koma kundin jiziya, ka tuna cewa daga 1691 kan kowane baligi ake ɗora ta, ba kan gida ba, don haka alƙaluman kafin shekarar da na bayanta ba sa haɗuwa kai tsaye.