Zango, Gasa da Ganin Ido: Tambayoyi Daga Gaban Talabijin

Kusan duk tambayoyin wannan makon daga gaban talabijin suka fito, kuma ban yi mamaki ba. Daren Lahadin da ta wuce na tsaya wurin wani mai shayi a Agege, na tarar an ɗora talabijin a kan tebur tsakanin gwangwanayen madara da tulin burodi, janareta na ta ƙugi a bayan rumfa. Mutanen benci sun rabu biyu. Dattawa na son a bar musu diramar Hausa, samari na son ganin wanda za a kora daga gidan Big Brother, shirin da ake tara mutane a gida ɗaya kyamara na ɗaukarsu, ana korarsu ɗaya bayan ɗaya. Mai shayin kuwa ya cusa rimot a aljihun gaba, yana ta fifita wuta kamar ba da shi ake ba. Na sha shayina ina sauraron musu, na tashi da kalmomi cike da aljihu.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Idi-Araba ce ta fara. Ta ce: "Malam, me ya sa ake ce wa waɗannan finafinai masu dogon zango? Ni zangon da na sani shi ne na Agege, inda aka haifi babana. Kuma don Allah a faɗa musu sun cika jan rai. Yarinya ɗaya an shekara uku ana neman aurenta, har 'yata da muka fara kallon tare ta yi aure ta haihu."

Hajiya, zangon babanki da zangon fim ɗin duk abu ɗaya ne. Kalmar ta fatake ce. A zamanin da ake tafiya Gwanja sayen goro da jakuna, ayari ba ya tafiya sai da lissafi: madugu ne uban tafiya, jagaba na gaba yana duba hanya, in rana ta yi sai a sauke kaya a inda ake da ruwa da ciyawa. Wannan masauki shi ne zango. Inda fatake suka yawaita sauka, sai wasu su ƙi tashi, su yi aure, su kafa masallaci, zango ya zama unguwa. Haka aka samu Zangon Agege, wanda cinikin goro da shanu ya raya, musamman bayan da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912. Haka kuma aka samu unguwannin da mutanen Gana ke kira zongo a Kumasi da Ankara. (Af, tunda na ambaci jagaba: mutanen Legas suna cewa "Jagaban" kamar nan kalmar ta ƙare. Wannan -n ɗin na mallaka ne, jiran abokinsa yake, kamar a Jagaban Borgu. In ka tsaya a kansa kamar ka ce "rigar" ne ka yi shiru.)

To amma zango ba wurin sauka kaɗai ba ne, har da tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. Shi ya sa ake cewa an ci zango, shi ya sa 'yan makaranta ke da zangon karatu na ɗaya da na biyu da na uku. Da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, suka shigo da diramar da ake nunawa mako-mako, sai aka buƙaci sunan da za a ba kowane rukuni na shirin kafin a tafi hutu. Wanda ya fara cewa zango na ɗaya, zango na biyu, ya iya Hausa, na sara masa. Bai je ya aro ba, ya leƙa rumbu ya ɗauko. Mai dogon zango kuwa shi ne wanda ake daɗewa ana tafiya kafin a sauke kaya.

Game da ƙorafinki, ina bayanki. Bafatake na cin dogon zango ne don ya san garin da ya nufa. Wasu marubutan namu kuwa, da zarar sun ga talla na shigowa, sai su mance da Gwanja, su yi ta zagaye da jakuna a daji ɗaya. Wanda ya mutu a zango na biyu sai ga shi a na huɗu wai suma ya yi. Sannu sannu kwana nesa gaskiya ce, amma fa sai in gaba ake yi.

Wani mai tsire daga Obalende ya aiko da saƙon murya, yana dariya tun kafin ya fara. Wai yaronsa, haifaffen Legas, ya ga an rubuta "gasar waƙa" a waya, sai ya tambaye shi ko waƙa ma ana ɗora ta a wuta. Yana so ya san ko kalma ɗaya ce.

Ba ɗaya ba ce, ɗan'uwa, rubutun boko ne ya yi musu riga iri ɗaya, domin ba ma nuna tsawon wasali da karin sauti a rubutunmu na yau da kullum. Gasa ta neman fifiko, ja za ka yi: gaa-saa, murya ta fara daga ƙasa ta hau. Gasa ta sana'arka kuwa gaɓar farko gajeriya ce, murya ta fara a sama ta sauko. Irin wannan ne tsakanin gashin nama da gashin kai, kuma ban taɓa jin wanda ya rikita su a bakin tukuba ba. Inda biyun suke haɗuwa shi ne a karin maganar nan, gasa wa mutum aya a hannu, wato a ba shi wuya ƙwarai. Ka kwatanta: aya sai da garwashi take gasuwa, ga shi tafin hannunka ne kaskon. Duk wanda ya ga yadda alƙalan gasar waƙa ke tsare yaro a kan dandamali, ana kaɗa ganga-ganga ana jinkirta faɗin sakamako har gumi ya jiƙa masa riga, ya ga yadda ake gasa aya a cikin gasa.

Tunda muna nan, a bambance uku. Gasa ta gwada ƙwarewa ce, a ci kyauta. Takara ta neman kujera ce ko rawani, shi ya sa muke da ɗan takara a siyasa, ko da yake yanzu har mai shiga gasa ana kiransa haka, kuma ban ga laifi ba. Musabaƙa daga Larabci take, daga tushen da ke nufin riga wani isa, mu kuma muka keɓe ta ga karatun Alƙur'ani. Wanda ya ce musabaƙar rawa zai sha harara.

Wata ɗaliba daga Mile 12 ta tambayi casa'in ɗin da ke cikin sunan shirin Kwana Casa'in, ko Hausa ce. Ararriya ce, 'yata, daga tis'in na Larabci, kamar yadda ashirin da talatin da hamsin suke. Kakanninmu gomiya tara suke cewa. Kwana kuwa namu ne, kuma ki lura da dare muke ƙirga lokaci, ba da yini ba.

Tambayar da ta fi cin raina ta zo daga wani ɗalibin Jami'ar Legas da ke Akoka. Ya ce sun yi musu da kawunsa, dillalin raguna a Alaba Rago. Kawu ya ce Big Brother wasan kwaikwayo ne kawai, an rubuta musu faɗan da soyayyar, ban da haka ma rashin kunya ce tsagwaronta. Shi kuma ya ce rayuwa ce ta gaskiya, ba wanda ya rubuta. "Malam, wa ke da gaskiya? Kuma in za a sa wa shirin sunan Hausa, Babban Yaya ya yi?"

Bari in fara da sunan, don ya fi sauƙi. Babban Yaya bai yi ba. A wurinmu babban wa magajin uba ne, shi ke riƙe gida in uba ya kau, shi ake kai wa kuka. Sunan shirin kuwa daga littafin 1984 na George Orwell aka ɗauko shi, wanda ya fito a 1949, inda Big Brother yake shugaba ne mai ido a ko'ina, ba ka da ɗakin da za ka shiga ka ɓuya masa. A Holan aka fara shirin a 1999. Na Nijeriya ya fara a 2006, Katung Aduwak ɗan jihar Kaduna ya ci, sai aka yi shiru har 2017. Na 2017 da 2018 a Afirka ta Kudu aka ɗauke su, mutane suka yi ta surutu, a 2019 aka dawo da gidan Legas. Ka ga in ka ce Babban Yaya ka fassara harafi ka bar ma'ana a baya, ka mai da mai gadi ɗan'uwa. In bayani kake so, ka ce gasar zaman gida ɗaya, kowa zai gane.

Yanzu ga musunku. Kwaikwayo shi ne ka ari halin wani ka yafa. Yara a tashe cikin azumi, wani ya sa gemun auduga ya zama tsoho. Matan fada a wasan gauta, wata ta naɗa rawani ta zama sarki, wata waziri. Samanja a talabijin ɗin Kaduna, Usman Baba Pategi ne a gida, soja mai tsawa a gaban kyamara. A kowanne akwai mutum biyu: mai yi da wanda ake yi. A gidan Big Brother ba wanda ya ari sunan wani, kowa da sunansa ko laƙabinsa ya shiga. Ta nan kawunka bai dace da kalma ba.

Amma kada ka yi saurin murna, ɗana. Mutumin da ya san kyamara na kansa dare da rana, ya san kuma ƙuri'ar masu kallo ce za ta bar shi ko ta kore shi ran Lahadi, kana jin sharar da yake yi da sassafe don tsabta ce kawai? Hausa na da sunan wannan tun kafin a ƙera talabijin: ganin ido. Aikin ganin ido shi ne wanda lebura ke yi lokacin da mai gida ya shigo. Ba ƙarya ba ce, don da gaske yana aikin. Ba kuma gaskiya ba ce, don in an juya baya zai zauna. Kawunka ya hango wannan, sunan ne ya kuɓuce masa. Abin da ke hana shirin zama ganin ido zalla shi ne tsawon zama. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutum na iya riƙe fuska kwana uku, amma a yi makonni ana raba bayi ɗaya da tukunya ɗaya, sai ka ga an yi faɗa a kan ƙwai biyu. Wannan faɗan ba marubucin da zai iya tsara shi, kuma shi masu kallo ke zaman jira.

Akwai wani abu da ya daɗe yana burge ni a nan. Kalmar ra'ayi, wadda kowa ke ji da ita a bencin mai shayi, daga Larabci take, daga tushen da ke nufin gani. Hausa ma haka ta yi da nata kayan: a ganina, ina ganin, ban ga haka ba. To daga wannan tushe ɗaya riya ta fito, wato yin abu don a gani. Na cikin gida na yi don a gani, na waje na faɗin abin da ya gani, kalmomin biyu 'yan ɗaki ɗaya ne. In babu mai ra'ayi a waje, mai riya a ciki ba shi da kasuwa.

Kuma ka lura ba mu cewa masu ganin talabijin, sai masu kallo. Gani na iya zuwa maka ba ka nema ba, kana tafiya a Oshodi ka ga hatsari. Kallo kuwa sai ka tsaya, ka ba abu idonka da lokacinka. Dubawa da manufa ake yi, likita ke duba mara lafiya. Hange daga nesa ne. Sai leƙe, wanda ake yi ta kafar ƙofa ko ta kan katanga, kuma a nan nake jin ƙyamar kawunka ta samo asali, ko da bai faɗa haka ba. Mutumin da ya tashi a gida mai zaure, inda baƙo namiji ke tsayawa ya yi sallama ya jira, in ka nuna masa ɗakin kwanan wasu a talabijin, abin da idonsa ke gaya masa shi ne ana leƙen gidan mutane. Kai kuma za ka ce ai masu gidan ne suka cire ƙyauren da kansu, suka sa hannu a takarda. Duk ku biyun kuna da abin riƙewa. Ni dai ba na kunna shi in jikokina na falo, in kuma ka je Alaba Rago ka gaishe min da kawu, ka ce masa kalmar da yake nema ganin ido ce.

A wurin mai shayin nan, wani dattijo mai jar hula shi ya fi kowa zagin shirin. Ya ce shi ko da kuɗi ba zai kalla ba. Da aka kira sunan wadda aka kora, shi ya fara miƙewa, kofi a hannu, yana cewa an zalunce ta, ai waccan mai dogon gashin ce munafukar, tun makon jiya take haɗa mutane faɗa. Samari suka fashe da dariya. Mai shayi ya ciro rimot daga aljihu, ya mayar tashar ƙwallo, ya ce wanda bai biya kuɗin Indomie ba ya biya.