Amsa: Shin George Orwell maƙiyin gurguzu ne?

Malam, ka tambaya ko Orwell, marubucin nan ɗan Ingila, ya rubuta littafinsa Animal Farm ne don ya yaƙi aƙidar gurguzu baki ɗaya. A ganina ba haka ba ne, kuma tarihin rayuwarsa shi ne shaida.

Sunansa na yanka Eric Blair, an haife shi a Indiya a 1903. Ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a ƙasar Bama (Myanmar ta yau) daga 1922 zuwa 1927, inda ya ga zaluncin Turawa ido da ido har ya ajiye aikin. A ƙarshen 1936 ya tafi Sifaniya ya shiga yaƙin basasa a ɓangaren masu ra'ayin gurguzu, aka harbe shi a wuya, sannan ya ga yadda magoya bayan Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet na lokacin, suka juya suna kama abokan gwagwarmayarsu suna ɗaurewa. Wannan cin amana ne ya tsaya masa a rai, shi ne kuma ya haifar da littafin a 1945, wanda a ciki dabbobi, ƙarƙashin jagorancin aladu, suka kori mai gona da sunan 'yanci, daga bisani aladun suka koma kwana a kan gadonsa suna sauya dokoki cikin dare.

Har ya rasu da tarin fuka a 1950, bayan fitowar littafinsa Nineteen Eighty-Four, bai daina goyon bayan gurguzu na dimokuraɗiyya ba. Mulkin kama-karya yake ƙi.

Ina ba ka shawara ka nemi fassarar Bala Abdullahi Funtuwa, Gandun Dabbobi, domin Hausarta tana da daɗin karatu ƙwarai.